Yadda za ki yi jinyar wadda aka yi wa aikin kansar gaba da ƙarin fata

Gwaggona na yi jinya bayan an yi mata wannan aikin a asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya, shi ya sa nake rubutun nan, don wallahi kunya ce ke hana mu tambayar likita abin da ya kamata.

Ki fara gane me aka yi. In kansa ta ci wuri a gaban mace ana yanke wurin har da ɗan lafiyayyen gefensa, wani lokaci a cire kaluluwar matsematsi, to ramin da ya rage in babba ne ba ya haɗuwa da ɗinki kawai, sai a yanko fata da namanta daga cinya ko ƙasan ɗuwawu a juyo a rufe, ba tare da an raba ta da jijiyar jininta ba. Jinin nan shi ne ran fatar. Duk abin da zai danne ta ko ya ja ɗinkin, shi za ki hana.

Saboda haka banda zama daɓas a kai sai ranar da likita ya yarda, ta kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, sallah ma a kwance ya halatta. Banda tsugunno a masai, ki nemo kujera mai rami. Ranar sallama kar ma a yi zancen acaɓa, hanyar Shika zuwa cikin gari ba kusa ba ce, a samo mota ta kishingiɗa a baya.

Inda na fi shan fama shi ne 'yan dubiya. Kowa da maganinsa, wannan ta ce a zauna a ruwan zafi da bagaruwa kamar mai jego, waccan ta ce a yi turare. Ki ce musu Allah ya saka da alheri, amma kar ki bari. Sabuwar fatar ba ta jin zafi sosai, tana iya ƙonewa mai ita ba ta sani ba. Ruwa mai ɗan ɗumi a buta bayan kowane bayan gida, daga gaba zuwa baya, a dandanna da ƙyalle mai tsafta har ya bushe, ba gogewa ba. Robar fitsari kuma kar ta lanƙwashe, jakar ta zauna ƙasa da mara.

Ki dinga duba wurin safe da yamma da tocilan. In fatar ta yi sanyi, ko ta yi baƙi fiye da jiya, ko ga ruwa mai wari, zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ku koma asibiti ranar, kar a jira ranar kilinik.

Abinci: wake, ƙwai, kifi, nono, ga zogale da gwanda don kar bayan gida ya yi tauri ta yi yunƙuri. In tana da suga a dinga aunawa, yana hana ciwo warkewa. Ta ɗan taka a tsakar gida kullum. Maigida kuma a faɗa masa a fili, babu kwanciya sai likita ya duba ya ce ta warke.