Babi na Huɗu: Haɗa Wayar Ƙaramin Layin Dogo Don Jirage Biyu Su Yi Tafiya, Kowa da Direbansa

'Yan'uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. A babin baya mun shimfiɗa layin dogo mai zagaye a kan allon katako, mun ɗora jirgi ɗaya, ya tafi ya dawo. Wasunku da suka koma gida sun ɗora jirgi na biyu a kan layin, sai suka ga jiragen sun tashi tare, sun tsaya tare, in an juya ɗaya baya ɗayan ma ya bi. Ba ɓaci kayanku suka yi ba. Wutar da ke cikin ƙarfen dogon ita ke tura injin, kuma duk jirgin da ke kan ƙarfen nan wuta ɗaya yake sha. In ana son kowane jirgi ya ji maganar direbansa shi kaɗai, sai an raba layin gida-gida, kowane gida da makunninsa. Wannan gidan shi za mu riƙa kira sashe.

Darasi na 1: Kayan aiki

Ku jera su a gabanku, ku taɓa kowanne kuna faɗin sunansa.

Akwatin tuƙi guda biyu. Shi ne abin nan mai maɓallin murɗawa da kuke ƙara gudu da shi. Yana karɓar wutar bango ya rage mata ƙarfi, ya fito da ita ba ta wuce kimanin volt 12 ba. Dole kowane akwati ya kasance da taransifomarsa da fulogonsa daban. Ku manna takarda a kan ɗaya ku rubuta A, a kan ɗayan ku rubuta B.

Makunni guda huɗu, irin mai ƙafa uku a ƙasa, wanda hannunsa ke tsayawa wuri uku: hagu, tsakiya, dama. Idan yana tsakiya, a kashe yake.

Mahaɗin roba guda huɗu. Kun san ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a bakin dogo don a haɗa guntu da guntu. Akwai irinsa na roba. Na ƙarfe yana barin wuta ta wuce, na roba yana tare ta. Ku sayi daidai girman layinku. Idan layinku mai girman da ake kira HO ne, tsakanin ƙarafansa milimita 16.5 ne, jirginsa kuma kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske. Idan N ne, milimita 9 ne, kashi ɗaya cikin 160. Mahaɗin wannan ba ya shiga wancan.

Sai waya kala biyu, baƙa da ja, da fulaya, da dalma da ƙarfen narka ta, da alƙalamin maka, da mitar gwajin wuta mai yin ƙara.

Kafin ku taɓa kowace waya, ku zare fulogo daga bango. Kada kowa ya buɗe cikin akwatin tuƙi. Wutar dogo ba ta da ƙarfin cutar da mutum, amma ta cikin akwatin wutar bango ce.

Darasi na 2: Ƙarfen da ake yankawa da wanda ba a taɓawa

A nan ake faɗuwa. Duk ajin da na koyar, a nan ake faɗuwa, har da masu sana'ar hannu. Don haka za mu bi shi a hankali, kada kowa ya ji kunya.

Ku dubi layinku. Ƙarfe biyu ne suke zagayawa. Ɗaya yana kusa da tsakiyar allo, shi ne ƙarfen ciki. Ɗaya yana kusa da bakin allo, shi ne ƙarfen waje. Ku sa yatsa a kan ƙarfen ciki, ku bi shi har ku dawo inda kuka fara, ba tare da kun ɗaga yatsan ba. Ku sake bi, wannan karon da maka a hannu, kuna ɗiga baƙin ɗigo a kan katako a gefensa, duk bayan taƙi ɗaya.

Ƙarfen da ke da baƙin ɗigo ba a yanka shi. Ba a sa masa roba. Mahaɗansa duka na ƙarfe ne, tun daga farko har ƙarshe.

Ƙarfen waje shi za a raba gida huɗu. Ku zaɓi wuri huɗu a zagayen, tazararsu kusan ɗaya, kowane sashe ya fi jirginku mafi tsawo tsayi, wato kan jirgi da taragwansa duka. A kowane wuri ku raba guntayen dogon, ku zare mahaɗin ƙarfe na waje, ku zura na roba, ku mayar.

Wanne aka zare? Na waje. Wanne aka bari? Na ciki, mai ɗigo.

Ga yadda kuskuren ke zuwa. Mutum zai sa roba ta farko daidai, ta biyu daidai. Sai ya zagaya ɗaya gefen tebur don ya sa ta uku. Ɗazu ƙarfen waje ne yake kusa da cikinsa, yanzu ma haka ne, amma sai ya ɗaga guntun dogon a hannu, ya juya shi don ya ga bakin da kyau, shi ke nan dama ta koma hagu. Ya sa roba a ƙarfen ciki bai sani ba. Wani kuma daga nesa yake miƙa hannu ya yi aikin ɗaya gefen, ƙarfen da ke kusa da shi a can kuwa na ciki ne. Shi ya sa na ce ku bar zancen hagu da dama, ku bar zancen kusa da nesa. Ɗigon kawai za ku duba. Kafin ku zura kowace roba ku tambayi kanku da baki, a ji muryarku: akwai ɗigo a nan? In akwai, ku janye hannu.

Idan layinku an riga an kafe shi da ƙusa, ba ya ɗaguwa, sai ku yanka ƙarfen da siririn zarto. Wanne ƙarfe? Na waje. Bayan kun yanka, ku cusa ɗan ɓallin roba a tsagar ku manne shi da gam, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, kuma tsagar da aka bari fayau wata rana za ta rufe kanta, ku yi ta neman matsala ba ku gani ba.

Yanzu gwaji. Ku sauke duk wani jirgi daga kan layi. Ku juya mita zuwa wurin ƙara, ku haɗa bakunanta biyu ku ji ta yi kuka. Ku sa baki ɗaya a gaban roba, ɗaya a bayanta, duka a ƙarfen waje. Dole mita ta yi shiru. Ku yi haka a wurare huɗun, bayan kun gama sa robobin duka, ba kafin nan ba, don in roba ɗaya ce kawai a zagayen wuta za ta bi ta baya ta zo. Sannan ku koma ƙarfen ciki, ku riƙe baki ɗaya wuri guda, ku zagaya da ɗayan. Ko'ina kuka taɓa dole ta yi kuka. In ta yi shiru a wani wuri, kun sa roba fiye da ɗaya a ƙarfe mai ɗigo, ko wani mahaɗi bai kama ba; in roba ɗaya ce, gwajin ƙarfen waje ne zai nuna ta, mita za ta yi kuka a wurin. Ba komai, ku zare ku gyara. Ni ma na yi wannan kuskuren a farkon koyona, na kwana biyu ina zargin injin.

Amma wanda ya tsallake gwajin nan don yana ganin ya iya, kada ya kawo mini allonsa mako mai zuwa yana cewa jirgi ya ƙi tafiya. Na gaji da kwance aikin mutum gaba ɗaya saboda roba ɗaya. Minti biyar ne gwajin. Ku manya ne, ba sai na tsaya a kan kowa ba.

Ku rubuta 1, 2, 3, 4 a gefen sassan, ku rubuta lambobin nan a kan makunnai huɗun.

Darasi na 3: Baƙar waya da jar waya

A bayan kowane akwatin tuƙi akwai sukurori biyu da aka ware don layin dogo. Wasu akwatunan suna da wasu biyun na fitilu da sauran kaya, waɗannan ba ruwanku da su yau. Ku duba rubutun da ke kusa da sukurorin, in ba ku gane ba ku tambaya.

Baƙar waya tukuna. Ku ɗauko ɗaya daga sukurun hagu na A, ɗaya daga sukurun hagu na B, ku murɗe su tare, ku kai su ƙarfen ciki, ku liƙa da dalma a gefen ƙarfen ta waje, ba a samansa ba inda taya ke bi. Baƙar waya, baƙin ɗigo. Wannan ne dalilin da ya sa na ce kowane akwati da taransifomarsa: in taransifoma ɗaya ce take ciyar da su biyun, da zarar an juya jirgi ɗaya baya wuta za ta haɗe.

Sai jar waya. Ku kife makunni ku ga ƙafafu uku a jere. Ƙafar tsakiya ita ke tafiya sashe: ta makunni 1 zuwa ƙarfen waje na sashe 1, ta makunni 2 zuwa ƙarfen waje na sashe 2, haka har 4. Ƙarfen waje na ce. Jar waya ba ta taɓa ƙarfe mai ɗigo, ko sau ɗaya.

Sauran sukurun A ku ja masa waya ta bi ƙafar gefe ɗaya a makunnai huɗun duka. Sauran sukurun B ya bi ƙafar ɗaya gefen. Ku lura da wani abu: a yawancin makunnai irin wannan, idan aka tura hannu hagu, ƙafar dama ce ke haɗuwa da ta tsakiya. Ku gwada da mita kafin ku liƙa, don in kun tura wajen da kuka rubuta A ya zama A ɗin ne da gaske.

Ku ɗora jirgi ɗaya a sashe 1, sauran makunnai a tsakiya. Ku ba shi A, ya tafi. Ku tsayar, ku ba shi B, ku ga ko ya nufi inda ya nufa ɗazu. In ya koma baya alhali maɓallin juyawa na akwatunan biyu suna fuskantar wuri ɗaya, ku sauya wayoyi biyun da ke bayan B. Idan ya iso roba ya tsaya cak, aikinku ya yi kyau. In ya wuce abinsa, ko ya mutu a tsakiyar sashe, ku koma Darasi na 2 ku duba ɗigo.

Darasi na 4: Tuƙa jirage biyu

Jirgi ɗaya a sashe 1, makunninsa a A. Ɗayan a sashe 3, makunninsa a B. Kafin jirginka ya shiga sashen gaba, ka tura makunnin sashen zuwa harafinka. Da ya fita daga na baya, ka mayar da makunnin can tsakiya don abokinka ya samu. Kada ka shiga sashen da ke hannun wani, domin tayoyin ƙarfe za su haɗa akwatunan biyu a kan robar, jirgi ya yi fizga ko wuta ta yanke. In hakan ta faru ku kashe duka, ku ja jirgin baya da hannu.

Darasi na 5: Layin da ke juyowa kansa

Wasu suna son layin da zai lanƙwasa ya dawo ya shiga inda ya fito. A irin wannan, ƙarfen ciki yana komawa ya haɗu da na waje, wuta ta haɗe. Ana sa roba a ƙarafan biyu, a shiga da fita, a ƙara makunni mai ƙafa shida na juya wuta. Ku bar shi tukuna.

Darasi na 6: Tsarin DCC

Akwai wata hanyar da ake kira DCC, wadda ta samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. Ana sa ƙaramar na'ura a cikin kowane kan jirgi, a ba shi lamba, sababbi suna zuwa da lamba 3. Wuta tana kan layi kullum, ba a bukatar makunnan sashe. Kada a haɗa akwatinsa da akwatin tuƙinku a layi ɗaya.

Aikin gida: ku zana layinku a takarda, ku nuna inda roba huɗun suke, ku zo da shi.