Yadda za ka sayi fili ko gida a Legas ba a yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Mu Hausawan Legas akwai wata ɗabi'a da muke da ita, mutum zai shekara ashirin a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yana biyan haya, duk abin da ya tara sai ya tura gida a sayo masa fili a Kano ko Sakkwato, wanda ba laifi bane, gida gida ne. Amma masu ƙarfin halin da suka ce bari su saya a nan Ikko, da yawansu sun zo da salon cinikin gida ne, wato dillali da mai unguwa da shaidu biyu, a sa albarka a shafa fatiha a tashi. To wallahi a nan wannan salon shi ke kai mutum ya baro. A Legas takarda kake saya, ƙasar biyo ta take yi.

Fara da fahimtar wannan. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, C of O ɗin da ake ta faɗa izinin riƙo ne na shekara 99. Kuma in mai C of O ya sayar maka, ba sabon C of O za a ba ka ba, lauya zai rubuta takardar sallama da ake ce wa did of asaimen, sannan a nemi sa hannun gwamna a kanta a yi mata rajista a ofishin filaye na Alausa da ke Ikeja. Mutane da yawa sun tsaya a rasit da did kawai saboda kuɗin sa hannun gwamna da jekala-jekalar da ke ciki, sai ranar da za su sayar ko su kai banki jingina su ga abin da ke hannunsu bai cika ba.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ɗauki safiyonka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ya je filin da na'urarsa ya ɗauki lambobin wurin, ya kai ofishin babban safiyon jiha a duba taswira. Abu uku za su iya fitowa. Ko filin ba hannun gwamnati a kai, ko gwamnati ta karɓe yankin amma ta yanka wa ƙauyen wani ɓangare ta buga a gazet, wato jaridar sanarwa ta gwamnati, ko kuma wuri ne da aka ware wa titi ko magudanar ruwa ko wani aiki, wanda wannan na ukun ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Duk wanda ya ce maka "gazet ɗin yana hanya" ka ce masa kai ma kuɗinka yana hanya. Mun ga rusau ɗin da aka yi a 2024 da aka fara titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, manyan wurare ma bai bar su ba balle kai.

Sai maganar omo-onile, 'ya'yan masu ƙasa. Yawancin filaye a gefen gari na dangi ne ba na mutum ɗaya ba, kuma cinikin filin dangi baya inganta sai shugaban gidan, olori ebi, ya sa hannu tare da manyan gidan. In saurayi ɗaya ya zo da rasit da tambari ya ce shi ke wakiltar kowa, ce masa kana so ka gaida baba, ku je tare. Ni kaina an taɓa sayar min da rabin fuloti wajen Ikorodu, na yi wata huɗu ban leƙa ba saboda na tafi gida jinya, ina dawowa na tarar wani ya kai gini linta da nasa rasit ɗin daga gida ɗaya, ƙarshe dai wani wurin suka ba ni can ciki wanda bai kai nawa ba. Shi yasa nake cewa ranar da ka biya, a satin ka zuba bulo ka ja katanga ko da layi uku ne, ka sa mai gadi ko ka ba wani ya yi noma a ciki. Kuma ka tambaya tun farko a rubuta, nawa ne na tushe nawa ne na dekin nawa ne na rufi, don omo-onile za su zo karɓar kuɗi a kowane mataki na ginin. Akwai dokar jiha ta 2016 da ta haramta ƙwacen fili da irin wannan karɓe-karɓen, amma ranar da aka zo maka da samari ashirin bakin aiki ba dokar ce ke tsaye a wurin ba, kai da maginanka ne.

To ina ake samun ciniki mai kyau? Gaskiya ba a allon talla ba. Abin da ka gani a Instagram da hoton ƙofa mai kyau an riga an ɗora masa la'adar mutum biyar. Ciniki yana wurin gidajen gado da magada ke son rabuwa da su, da kangon da mai shi ya gaza ƙarasawa, da wanda zai bar ƙasar yana gaggawa. Waɗanda ke fara jin labarin nan kuwa namu ne, masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa da ke unguwar shekara da shekaru, ka riƙa gaisawa da su kana yi musu alheri, sun san gidan da ake rigima a kai da wanda ruwa ke shiga. Gidan gado dai ka nemi takardar kotu da ta ba masu sayarwar ikon kula da dukiyar mamacin, in babu ita ka haƙura. Dillali kuma ka tambaye shi ko yana da rajista da LASRERA, hukumar jihar da ke kula da dillalan gidaje da filaye.

Wuri kuwa, kowa Ibeju-Lekki da Epe yake kira tunda aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Lekki da matatar Ɗangote a 2023, kuma eh wurin ya tashi, sai dai can ne filin da ba takarda ya fi yawa, ga fadama, wani filin kuɗin cikonsa ya fi kuɗin sayensa. Je ka gani a Yuni ko Yuli lokacin da ruwa ke zuba, ba da rani ba. Ni a ganina mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya dubi layin jirgin ƙasa na Red Line da ya tashi daga Agbado ya bi Agege da Ikeja zuwa Oyingbo. Ka kuma lura Mowe da Ibafo da Sango-Ota jihar Ogun ce, takardunsu Abekuta za ka bi. Fulotin Legas ƙafa 60 da 120 ne, to ka sa a gwada a gabanka, don wasu kamfanonin sukan yanka ƙarami su kira shi fuloti.

Fili kwance baya ciyar da kai. In jarinka na kasuwa ne kar ka binne shi duka, ka nemi abin da zai riƙa kawo haya, ɗakuna sef-konten ko ciki da falo ko shaguna a bakin titi. Lissafin mai sauƙi ne, ka raba abin da ka kashe da hayar shekara bayan ka cire gyara da harajin ƙasa na shekara-shekara da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa, ka ga shekara nawa kuɗinka zai dawo. Dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, kuma mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida yake da shi, wannan ma sa shi a lissafi. Gini kuma kar ka fara ba izinin hukumar tsara gari, jan fentin da hukuma ke shafawa a katanga ba ado bane, gargaɗin rusau ne.

Kuɗi. Ma'aikaci mai zubi a asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire kashi 2.5 na albashi, yana iya neman rance ta bankin jinginar gidaje na tarayya da ruwa kashi 6 har shekara 30. Mai gudun ruwa ga bankunan Jaiz da TAJ da Lotus, su sayi gidan su sayar maka da ribar da aka sani, ko ku haɗa ku saya kana biyan hayar kasonsu kana sayensa kaɗan kaɗan har ya zama naka. Su ma fa sai gida mai cikakkiyar takarda. Mafi yawanmu dai adashi ne da haɗaka.

Haɗakar nan ita ce ta fi raba zumunci. Mutum biyar 'yan kasuwa ɗaya kowa ya kawo misali miliyan 4, sai a ce a sa sunan Alhaji tunda shi ne babba. Kar ku yi. Alhaji mutumin kirki ne amma in Allah ya yi masa rasuwa gidan ya shiga gado, ku kuma ba ku da komai sai bakinku. Ku yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kowa da kasonsa, a sayi gidan da sunan kamfanin, asusun banki kuma sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. A rubuta wa zai karɓi haya da nawa za a ba shi na wahalarsa, yaushe ake rabo, in gyara ya taso wani bai kawo nasa ba yaya za a yi, in wani yana son fita wa zai ƙiyasta kuɗin gidan kuma wata nawa za a ba sauran su saye kasonsa kafin ya kai wa na waje. Wanda ya ce "haba ɗan'uwa ba ka yarda da ni bane" ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Haka in mai fili ne ya ce ka kawo kuɗi ku gina a raba, a fayyace a takarda wane ɗaki ne na wa, hawa na nawa, gaba ko baya, tun kafin a haƙa tushe, kuma kowa ya zo da lauyansa daban.