Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Skittles" da Amfani da Ita Daidai

Mai karatun rubuce-rubucen mutanen Ingila ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar "skittles", kuma sau da yawa abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne alewar nan mai launi-launi da ake sayarwa a manyan kantuna. Asalin kalmar kuwa sunan wani tsohon wasa ne, wadda take a rubuce tun ƙarni na 17, tun kafin a yi mafarkin alewar.

Mataki na farko shi ne ka san wasan kansa. Ana jera gajerun turaku tara na katako a ƙarshen wani dogon ɗaki mai santsin daɓe, ɗaya a gaba, biyu a bayansa, uku a tsakiya, sannan biyu, sannan ɗaya. Ɗan wasa yakan tsaya a ɗaya ƙarshen ya gangaro ƙwallo mai nauyi, yawanci sau uku, kuma duk turken da ya faɗi maki ɗaya ne. Idan ya kayar da su duka tun bai gama jifansa ba, sai mai tsayar da turaku, wanda ake kira "sticker-up", ya sake jera masa su. Wasan ya fi ƙarfi a yammacin Ingila, a yankunan Somerset da Devon da Dorset da Gloucestershire, da kuma kudancin Wales, inda galibi a bayan mashaya ake gina ɗakin. A salon Landan ba ma ƙwallo ake gangarawa ba: wani faffaɗan katako mai nauyi ake wurgawa ta sama, kuma "cheese" suke kiransa, wato cuku, saboda kamannin siffa.

Mataki na biyu, ƙirga turakun, domin a nan ne masu fassara suka fi yin tuntuɓe. Idan goma ne aka jera su kusurwa uku, a zauren zamani mai injin tsayar da su, kuma ƙwallon na da ramukan zura yatsu, to wannan "ten-pin bowling" ne, wanda aka daidaita dokokinsa a birnin New York na Amurka a 1895, kuma makinsa mafi girma 300 ne. Idan babu turaku sam, ana dai gangara ƙwallaye a kan ciyawa don su kusanci wani ƙaramin ƙwallo, sunansa "bowls". Mai turaku tara ne kaɗai ya cancanci sunan da muke magana a kai, kuma a ganina kuskure ne a haɗa ukun a suna ɗaya don kawai duk ana gangara ƙwallo.

Mataki na uku na nahawu ne. Harafin "s" na ƙarshe yana yaudarar mutane su ɗauka jam'i ne a kowane lokaci. Idan wasan ake nufi, tilo ne, don haka "skittles is played" za ka rubuta. Turke guda shi ne "a skittle", jam'insa kuma "skittles". Idan kalmar ta zo tana siffanta wata, sai harafin ya faɗi, shi ya sa ake kiran ɗakin wasan "skittle alley".

Mataki na huɗu, lura da inda kalmar ta bar ɗakin wasa ta shiga salon magana. Idan Bature ya ce "life is not all beer and skittles", ba giya ko turaku ne damuwarsa ba, yana nufin rayuwa ba duka ce shaƙatawa ba. Mai fassara da ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai bar Bahaushe cikin duhu, alhali "ba kullum ake kwana a gado ba" ta biya buƙata. A labarin wasan kurket kuma, wanda ake dukan ƙwallo da faffaɗan sanda, kalmar takan zama aikatau: idan aka ce wata ƙungiya "was skittled out", to an fitar da 'yan wasanta ne cikin sauri da ɗan maki kaɗan, kamar turakun da ƙwallo ɗaya ya zubar.

Mataki na biyar, duba harafin farko da kuma wanda kake rubuta wa. Babban harafi a tsakiyar jimla alama ce ta sunan alewar. Ba'amurke kuwa, ko da ƙaramin harafi ka rubuta, alewar zai fara tunawa, saboda haka idan shi ne mai karatunka, ka yi amfani da "ninepins", wadda ita ma sunan wasan turaku tara ce kuma ya fi saninta.