Yadda Ake Tafiyar da Shirin Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa

Likitan da ya shiga horon ƙwarewa ma'aikaci ne kuma ɗalibi, don haka babban nauyin da ke kan shugaban shirin shi ne ya hana aikin asibiti cinye lokacin koyo, domin marasa lafiya ba sa yankewa, alhali shekarun horo ƙidayayyu ne.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da ake so likitan ya iya a ƙarshen kowace shekara. Hukumar ACGME, wadda ke tantance irin waɗannan shirye-shirye a Amurka, ta fitar da fannoni shida a 1999: kula da majiyyaci, ilimin likitanci, koyo daga aikin da aka yi, iya mu'amala da mutane, ɗa'ar aiki, da sanin yadda tsarin kiwon lafiya yake gudana. A kan waɗannan ne za a gina jadawalin zagaya sassa, ko da wani sashe yana kukan ƙarancin ma'aikata.

Mataki na biyu shi ne ƙayyade lokutan aiki, kuma a nan ne aka fi samun saɓani da shugabannin sassa. Mutuwar Libby Zion, wata majiyyaciya da ta rasu a hannun likitoci masu horo da aiki ya yi wa yawa a wani asibitin New York a 1984, ce ta sa jihar ta kafa doka a kan wannan batu a 1989, sannan a 2003 ACGME ta sa iyakar sa'o'i 80 a mako, idan an yi matsakaicin lissafi na makonni huɗu, tare da hutun kwana ɗaya a cikin bakwai. A Tarayyar Turai iyakar sa'o'i 48 ce. Sai dai rage sa'o'i yana ƙara yawan miƙa aiki, kuma a nan ne bayani yake salwanta: likitan da ya kwana a bakin aiki ya tafi gida bai faɗa wa wanda ya karɓe shi cewa ana jiran sakamakon gwajin jinin majiyyacin da ke gadon ƙarshe ba. Saboda haka a tilasta miƙa aiki a rubuce da kuma baki da baki.

Na uku, a bayyana matakan sa ido. Sabon shiga yana aiki ne babban likita na tsaye a kansa, daga baya ya isa a samu babban likitan ta waya, sannan a kai matsayin da babban likitan zai duba aikin bayan an kammala. Abin da aka gani da ido ne ya kamata ya ɗaga likita zuwa mataki na gaba, ba daɗewa kawai ba.

Sai batun auna ƙwazo. A kafa kwamiti na malamai aƙalla uku da zai zauna duk wata shida ya duba rahotannin malamai, ra'ayin ma'aikatan jinya, da kundin tiyata ko sauran ayyukan da likitan ya yi. Rahoton da ya tsaya a kan “yana ƙoƙari” ba shi da amfani, a ganina; gara a rubuta cewa ya iya ɗaukar tarihin ciwo amma yana jinkirin neman taimako idan majiyyaci ya rikice.

Idan aka ga wani yana ja da baya, a zauna da shi da wuri a binciki dalili, domin gajiya ko ciwon damuwa kan yi kama da sakaci. Sannan a rubuta masa tsarin gyara mai wa'adi, a naɗa malami guda da zai bibiye shi, kuma a ajiye kwafi a fayil ɗinsa bayan su biyun sun sa hannu.