Babi na Shida: Mai da Saƙa Sana'a

Darasi na 1: Gwangwani biyu

'Yar uwa, saƙa kam kin iya. Na ga hulunan jarirai da safar da kuke kawowa aji, kwarashi na gudu a hannunku kamar ruwa. Abin da ya rage shi ne lissafi, kuma shi ma za ki iya da yardar Allah.

Nemo gwangwanin madara guda biyu, ki wanke su. Ɗaya ki ɗaura masa jan zare a wuya. Wannan na uwar kuɗi ne. Uwar kuɗi ita ce abin da kika kashe kafin kayan su zama kaya: zaren ulu, maɓalli, leda, kuɗin mota. Ɗayan ki ɗaura masa koren zare. Wannan na ribarki ne, wato ladan hannunki.

Buɗe littafinki. Ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. Hagu ki rubuta UWA, dama ki rubuta RIBA. Idan hannunki yana rawa ba komai, haka kowa ya fara.

A ce kin saƙa wa jariri riga da hula da safa. Zare dunƙule 2, kowanne N1,200, ya kama N2,400. Alamar N tana nufin naira. Kuɗin mota N400. Maɓalli da leda N200. Haɗa su: N3,000. Ki lura, sifiri uku ne. Idan kika bar ɗaya ya koma N300. Ƙirga su da yatsa.

Kin sayar N4,500. To, kafin ki sayi ko magi, fara ƙirga N3,000 ki zuba a gwangwani mai jan zare. Ki rufe. Sauran N1,500 ne naki.

Mu sake. Kuɗi sun shigo hannu, wane gwangwani ake fara buɗewa? Mai jan zare. Nawa ake zubawa? Duk abin da aka rubuta a hagu, har da kuɗin mota. Nan kuke tuntuɓe. Ko maigida ne ya sayo miki zaren a Kantin Kwari, ko kika aiki yaro Wudil ranar Juma'a, motar ba kyauta ta kai shi ba. Ki rubuta.

Bara wata baiwar Allah a ajinmu ta saƙa hula 20 a hunturu guda, duk ta sayar. Sai ga ta tana neman rancen kuɗin zare. Na ce, “Yaya, ina uwar?” Ta ce an yi cefane, an yi biki, an ba yara na makaranta. Wallahi ranar raina ya ɓaci. Idanunta sun yi ja don saƙa da fitila, ga shi ba uwa ba riba. Kuma wasu cikinku har yanzu a bakin zane kuke ƙulle kuɗin wuri ɗaya! Sau nawa zan faɗa? Ba raini ba ne, iyayena, wahalarku nake tausayi. Jan gwangwani tukuna. Ba a taɓa shi sai ranar sayen zare.

Darasi na 2: Lokaci da masu saye

Sanyi yana kankama a Disamba da Janairu, don haka ki fara tara kaya tun ana girbin gero. Wadda ta jira sai hazo ya sauka ta makara. Kayan jarirai kuwa ba su da lokaci, tunda kullum ana suna. Ki ba dillaliya set 2, wato riga da hula da safa kashi biyu, ta shiga da su gidajen masu jego, amma ku yanke la'adarta tun farko, ki rubuta ta a hagu.

A misalinmu na riga da hula da safa, ki sa kuɗi N5,000 don mai taya ya sami abin ragewa. Ƙasa da N4,500 ki ce albarka.

Darasi na 3: Bashi

Wadda ta ba ki aiki ta fara biyan kuɗin zare. Mai cin bashi ki rubuta sunanta da rana.

Darasi na 4: Adashe

Zubi daga koren gwangwani ake yi. Aikin gida: ki lissafa uwar kuɗin hula 1, ki zo da littafinki ranar Asabar.