Yadda nake zana tasowar ƙoda a jikin tayi

Na fi gane wannan darasi idan na zana shi da hannuna. Ka ɗauki takarda, ka zana tayi a kwance, sannan ka ja layi ɗaya daga wuya zuwa ƙugu.

A wuya ka sa ɗigo kaɗan, ka rubuta mako na 4. Furonefros ke nan, wato ƙoda ta farko, ba ya aiki, nan da nan yake ɓacewa. A tsakiya ka zana mesonefros, ƙoda ta biyu, wanda ke ɗan tace ruwa na wasu makonni. Kada ka goge bututunsa, domin a jikin namiji shi ne ke zama hanyar maniyyi.

Ƙasan layin ne nake so ka fi natsuwa a kai. A mako na 5 wani ɗan toho ke fitowa daga wannan bututu, ya kutsa cikin tarin ƙwayoyin metanefros, wato ƙoda ta uku wadda za ta ɗore. Tohon yana ta rassa, ya zama bututun da ke kai fitsari mafitsara da ƙananan magudanai, ƙwayoyin kuwa su zama matatun ƙoda. Idan biyun ba su haɗu ba, ƙoda ba za ta samu ba. Ka ba su launi daban-daban.

Daga nan ka ja kibiya sama, tunda ƙodar tana barin ƙugu ta isa mazauninta wajen mako na 9.