Yadda Za Ka Ɗaura Nektai Ba Tare Da Wuyanka Ya Ji Jiki Ba

In kana aikin banki ko kamfanin waya ko inshora a nan Sakkwato, ko kai ɗalibi ne a Jami'ar Danfodiyo da ake ce maka ranar kare aikin bincike sai ka zo da kwat da nektai, to wanga bayani naka ne. Mutane da yawa in an tashi aiki wuya ya riƙe, kafaɗa ta yi nauyi, ƙeya na zogi, sai a ce matashin kai ne ko sanyin esi, alhali matsalar tana nan ƙarƙashin haɓa tun ƙarfe bakwai na safe.

Ka fara sanin abin da ke faruwa a ciki tukuna. Wuya ƙasusuwa 7 ne jere, su ke ɗauke da kai, kuma kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. Ana son wuyan nan ya riƙa motsi yadda ya so, ka duƙa ka ɗago ka waiga. Da zarar ka shaƙe shi da kwala da ƙulli, duk lokacin da za ka duba takarda sai kwalar ta tokare maka maƙogwaro, to jiki ba wawa ba ne, sai ya daina lanƙwasa wuyan ya riƙa tura kai gaba ko ya ɗage kafaɗu ko ya juya duka ƙirji don kawai a kalli wanda ya shigo. Naman nan da ya taso daga ƙeya ya sauko kan kafaɗa shi ke biyan kuɗin, wuni guda yana ɗaure ba hutu. A 2011 an yi gwaji a Koriya ta Kudu kan masu aiki da kwamfuta, aka ga in nektai ya matse motsin wuya na raguwa, naman saman kafaɗa kuma aikinsa na ƙaruwa. Nektai dai ƙyalle ne, ba zai lanƙwasa maka ƙashin baya ba, irin zaman da yake tilasta maka ne ke saukar da gajiyar har tsakiyar baya.

Ba nama kaɗai ba ma. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi duk ta gefen wuya suke bi, daidai inda kwala ke zama. A 2018 likitoci a garin Kiel na ƙasar Jamus suka sa samari 30 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, rabinsu aka ɗaura masu nektai aka matse, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwarsu ya ragu da kashi 7.5 cikin ɗari. Ga mai lafiya wannan ba abin tada hankali ba ne, kar wani ya je ya ce na ce nektai na kashe mutum, amma in kana da hawan jini ko ka manyanta ko kana shan taba, mi zai sa ka ƙara ma kanka? Haka a 2003 wani asibitin ido a Amurka ya nuna matse nektai na minti 3 kacal na ɗaga matsin ruwan cikin ido, shi ya sa mai gilakoma, wato ciwon hawan jinin ido, ya kamata ya kiyaye, in kuma za a auna maka ido a asibiti ka sassauta shi kafin a fara don kar awon ya fito sama da gaskiya.

To yanzu gyara. Ni a wurina kusan duk laifin na kwalar riga ne ba na nektai ba. Tun 1987 wani bincike a jami'ar Cornell ta Amurka ya gano biyu cikin uku na ma'aikatan ofis da aka auna kwala da nektai sun matse masu wuya, to ina ga mu da ake shiga kasuwa a ɗaga shat a kara a ƙirji a ce ai ta yi. Kar ka sake sayen shat a haka. Ka biya wurin tela ya sa maka tef a wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro inda kwala ke kwantawa, kana tsaye kai a miƙe ba ka ɗaga haɓa ba, abin da ya fito ka ƙara rabin inci. In 15 da rabi ne wuyanka to 16 za ka nema, lambar tana rubuce a cikin kwala. In gwanjo ne kar ka yarda da lambar ma, an wanke ta an sake wankewa yadin ya tsuke, sai ka gwada. Gwajin kuwa ɗaya ne, ka ɓalla maɓallin sama ka zura yatsu biyu tsakanin kwala da fatar wuya, in sun shiga ba dole to madalla, in sai ka yi kokawa a bar ta ko da kuɗinta ya yi daɗi.

In kuma kana da riguna masu kyau da suka matse ba sai ka zubar ba, tela zai cire maɓallin sama ya matsar da shi bakin kwala, ɗan wannan tazarar kaɗai na kawo sauƙi sosai kuma nektai zai rufe ba mai gani. Wuya na canzawa fa, wanda aka auna ka da shi kana hidimar ƙasa ba shi ne yanzu da aka yi aure ana cin tuwon shinkafa da dare ba. Sannan ka roƙi mai wanki da guga ya rage sitaci a kwala, akwai masu zuba shi har kwalar ta riƙa yankan wuya, ga zufa, a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40 sai ka ga ƙuraje sun jeru inda take gogawa.

Sai ƙullin kansa. Babban ƙullin nan mai faɗi da ake ce ma Windsor yana da kyau a hoto amma tudu gare shi, in wuyanka gajere ne ko mai kauri zai zauna maka a maƙoshi. Ƙaramin ƙulli ya fi sauƙin zama da shi, ga yadda ake ɗaura shi. Ka rataya nektai, ɓangare mai faɗi ya fi tsawo, ka ɗora shi kan siririn ka zagayo ta baya ka sake gittawa ta gaba, ka turo shi sama ta cikin wuya sannan ka zura shi ƙasa ta cikin madaukin da ya fito a gaba. Wurin ja ne ake ɓata abin. Ka riƙe siririn da hannu ɗaya ka tura ƙullin sama a hankali har ya taɓa maɓalli ya rufe shi, shikenan ka tsaya nan. In ka ga kwalar ta fara tattarewa ko fatar wuya ta kumburo ta samanta, ka wuce wuri. Kafin ka fita ka waiga dama ka waiga hagu kamar mai sallame sallah, ka sauke haɓa zuwa ƙirji, ka haɗiye miyau. Duk wanda ya yi maka wuya a cikinsu ka sassauta.

A ofis kuma kar ka bar wuyan yana duƙe, don duƙawar ma ta fi nektai ɓarna, wani likitan ƙashin baya a Amurka ya lissafa a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai sosai kan waya nauyin da wuya ke ji na kaiwa kilo 27. Ka ɗaga kwamfutar saman allonta ya yi daidai da idonka, ko fayil-fayil ne ka tara a ƙarƙashinta, waya kuma kar ka maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa kana rubutu. Duk bayan rabin awa ko kusa da haka ka miƙe, ka juya kafaɗu baya kamar sau goma, ka ja haɓa ciki kana kallon gaba ka riƙe daƙiƙa biyar ka saki, ka kwantar da kunne wajen kafaɗa a hankali ka ƙirga ashirin kowane gefe. Ba a fizga, kuma ɗabi'ar nan ta murɗa wuya har ya yi ƙara ka bar ta. Lokacin azahar da la'asar dama ce, tunda za ka yi alwala ka kwance nektai gaba ɗaya ka buɗe maɓalli, in ka dawo ka sake ɗaurawa, minti ɗaya ne. Kan hanya ma ba wanda ya ce sai ka ɗauro shi daga gida, ka naɗe shi a jaka sai ka kai bakin ofis, musamman in kabu-kabu za ka hau ko tuƙi za ka yi, waiwaye na so ya zama ba abin da ya riƙe ka. Ranar Juma'a da aka yarda a sa kaftani kuwa ai ba sai an faɗa maka ba.

Akwai ciwon da ba na kwala ba ne, kar ka tsaya kana canza riga. In zafin na sauka hannu, yatsu na mutuwa ko ƙarfin hannu ya ragu, ko jiri na ɗibar ka in ka waiga ko in kwala ta matse, ka je asibiti. In kwalar da ke yi maka daidai ta fara shaƙe ka alhali ba ƙiba ka yi ba, ka shafa gaban wuyanka ko akwai kumburi, maƙoƙo kan fara a haka. In kuwa wuya ya sanƙare lokaci ɗaya ga zazzaɓi ga ciwon kai mai tsanani ko amai, musamman cikin bazara, wannan kar a kwana da shi a gida ana shafa man zafi, mu da muka ga annobar sanƙarau ta 2017 a Sakkwato da Zamfara mun san yadda take sauri, a ɗauki mutum a kai shi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.